Ƙwayar Bitamin a Jakar Soja: Abin da Tarihi Ya Koya wa Iyalai

Mai karatu, idan kana da ɗa ko ƙane a aikin soja, wataƙila ka taɓa tsayawa a kantin magani a Haɗeja kana tunanin wace ƙwayar ƙarin ƙarfi za ka saka masa cikin saƙo. Kafin ka biya kuɗin, yana da kyau ka san yadda aka yi wannan ƙwaya ta shiga jakar soja, domin tarihinta yana nuna abin da take iyawa da abin da ya fi ƙarfinta.

A zamanin Sarkin Haɗeja Buhari, wajen tsakiyar ƙarni na 19, ba wanda ya san kalmar bitamin. Guzurin mayaƙi shi ne na matafiyin ƙasar Hausa: garin gero, ƙilishi, tsamiya da abin da daji ya bayar. Cututtukan ƙarancin bitamin sun fi addabar rundunonin da aka tsare wata da watanni a kan abinci iri ɗaya.

Sojojin ruwan Ingila sun sha wannan wuya. A doguwar tafiya dasashinsu kan kumbura yana zubar da jini, haƙora su yi girgiɗi, tsohon rauni ya sake buɗewa. A 1747 likita James Lind ya gwada magunguna dabam-dabam a kan majinyata 12, sai waɗanda aka ba lemo suka farfaɗo. Duk da haka sai a 1795 rundunar ta fara raba ruwan lemon tsami. Yau mun san bitamin C ne suka rasa.

Labarin Japan ya fi kusa da mu, mu masu noman shinkafa. Sojojinta sun dogara da farar shinkafar da aka goge tas, sai cutar beriberi ta kama su: ƙafa ta mutu, jiki ya kumbura, zuciya ta gaza. A 1884 likita Takaki Kanehiro ya ƙara wa ma'aikatan jirgin ruwa Tsukuba nama da madara da kayan lambu, cutar ta kusa ɓacewa. Sojojin ƙasa suka ƙi wannan darasi, kuma a yaƙinsu da Rasha na 1904 zuwa 1905 beriberi ta kashe musu dubban mutane. Abin da injin ya goge daga bayan ƙwayar shinkafa shi ne bitamin B1. Sai a 1912 Casimir Funk ya raɗa wa irin waɗannan sinadarai sunan da muke kiransu da shi.

A nan ne matan fadamar Haɗeja suka riga masana. Idan aka jiƙa shinkafa aka turara ta da ɓawonta kafin a casa, wani kaso na bitamin B1 yakan shige cikin ƙwayar, ya tsira daga sussuka. Binciken da aka yi a Malaya a farkon ƙarni na 20 ya nuna cewa masu cin turararriyar shinkafa ba su cika kamuwa da beriberi ba.

Tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu aka iya haɗa bitamin a masana'anta, a lokacin yaƙin kuma ƙwayar ta shiga rabon soja. Dubban 'yan Arewa sun yi yaƙin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, inda jirgin sama ke jefa musu abinci a dokar daji. Wasu bataliyoyin Nijeriya sun shiga ayarin Chindit a 1944, wanda ya yi watanni a bayan abokan gaba yana rayuwa kan ƙunshin abincin da aka tsara don 'yan kwanaki kawai. Da yawa sun fito a rame, zazzaɓi da atuni sun cinye su. Ƙwaya tana cike giɓin sinadari guda, amma da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Daga baya kasuwa ta karɓe zancen, aka fara sayar wa matasan sojoji garuruwa da ƙwayoyin gina jiki. A ƙarshen 2011 ma'aikatar tsaron Amurka ta janye kayan da ke ɗauke da sinadarin DMAA daga shagunan barikokinta, bayan mutuwar sojoji biyu a wurin atisaye. Ko bitamin na gaskiya yana da iyaka. Bitamin A da D suna taruwa a jiki. Yawan A yana lalata hanta kuma yana iya cutar da ɗan tayi, yawan D yana taɓa ƙoda.

Wannan ba ya nufin ka raina ƙwayar da likita ya rubuta. Wanda ke fama da dundumi, ko ƙarancin jini, ko wanda ya daɗe a fagen daga ba ganye ba 'ya'yan itace, yana iya buƙatarta ƙwarai. Haka ɗigon bitamin A da ake ba yara daga wata 6 zuwa shekara 5: kada ka bari ya wuce ɗanka.

Saboda haka, in za ka yi wa sojanka saƙo, fara da abin da ƙasarmu ta bayar: gyaɗa, riɗi, busasshen kifi, garin zogale da garin ƙwame, wanda ke da bitamin C mai yawa. In ya yi kukan kasala ko sanyin ƙafa, ka matsa masa ya ga likitan barikinsu a auna shi, domin zazzaɓin cizon sauro ko ƙarancin jini na iya ɓuya a bayan gajiya. In kuwa an rubuta masa ƙwaya, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a sha gwargwadon da aka faɗa, a daina lokacin da aka ce. Allah ya tsare su, ya dawo mana da su lafiya.