Gatse

gatse (sn., nj.) Maganar da ake faɗa ana nufin akasinta, don a ankarar da mai kuskure ko a kunyata shi. Ya bambanta da habaici, wanda ake sakaya mutum. Gatse ido da ido ake yin sa, murya ce ke tona manufa. Makami ne babba a bakin ɗan wasan kwaikwayo, kamar marigayi Rabilu Musa Ibro (ya rasu 2014), domin yana faɗa wa dattijo gaskiyar da kunya ke hana faɗa. Misali, Bahaɗeje ga maƙwabcinsa da ya cire 'yarsa daga makaranta: "Ka kyauta, Malam, ai likita mace a fadama take tsirowa kamar shinkafa." Yaro ba ya yi wa babba gatse, sai a wasa ko tsakanin jika da kaka.