The True Lives of the Fabulous Killjoys: Tarihin Labarin Zane da Kundin Waƙoƙinsa

The True Lives of the Fabulous Killjoys jerin littattafai ne na labari cikin zane da kamfanin Dark Horse na Amurka ya wallafa kashi shida, daga Yunin 2013 zuwa Janairun 2014. Gerard Way da Shaun Simon ne suka rubuta shi, Becky Cloonan ta yi zanen. Ƙagaggen labari ne na wani zamani mai zuwa, inda duniya ta lalace, kamfani guda ya mallake mutane.

Way shi ne jagoran mawaƙan My Chemical Romance, ƙungiyar da aka kafa a jihar New Jersey a 2001. Amma kafin kafa ƙungiyar, zane ya koya a makarantar School of Visual Arts ta birnin New York, kuma littafinsa The Umbrella Academy ya ci kyautar Eisner a 2008. Da yawa suna ɗauka wani kundin waƙoƙin ƙungiyar ne ya haifi littafin Killjoys, alhali tun 2009 aka sanar da shirin littafin. Ƙungiyar ce ta ari sunan, ta gina kundinta na huɗu a kansa, wato Danger Days: The True Lives of the Fabulous Killjoys, wanda ya fito a Nuwamban 2010.

Kundin ya kai mai sauraro jihar Kalifoniya ta shekarar 2019. Kamfanin Better Living Industries na riƙe da birnin Battery City, yana ɗirka wa jama'a ƙwayoyin da ke kashe musu fushi da murna baki ɗaya. Komai na birnin fari ne da baƙi. Can cikin hamada kuwa akwai ƴan tawaye huɗu masu tufafi kala-kala, wato Killjoys: Party Poison, Jet Star, Fun Ghoul da Kobra Kid, kowannensu ɗaya daga cikin mawaƙan ne. Muryar Dr. Death Defying ce ke haɗa su, daga wani gidan rediyo na ɓoye.  A bidiyon waƙar “Sing” aka kashe su huɗun wajen ceto wata yarinya, kuma marubuci Grant Morrison ne ya fito a matsayin Korse, mai farautarsu.

Ƙungiyar ta watse a Maris 2013, watanni kaɗan kafin kashi na farko ya shiga kasuwa. Littafin ya ɗauko labarin bayan fiye da shekara goma. Yarinyar ta girma, tana yawo ita da kyanwarta, ba ta san abin da ya sa mutum huɗu suka ba da ransu dominta ba. Sababbin matasa ƙarƙashin Val Velocity sun gaji bindigogin mamatan da adonsu, amma ba su gaji tausayinsu ba. Nan ne ƙarfin littafin yake, domin ya nuna yadda magada ke mayar da gwagwarmaya ado. Korse kansa ya kamu da soyayya, abin da birnin ke ɗauka laifi. Akwai kuma Blue, mutum-mutumin da ke fafutukar nemo wa abokiyarta Red batir kafin ta mutu. Wannan ɓangaren ya fi sauran taɓa zuciya. Raunin littafin shi ne zaren labarin ya yi wa kashi shida yawa, har ƙarshen ya zo a gurguje.

Mawaƙan sun sake haɗuwa a ƙarshen 2019. A Oktoban 2020 Way da Simon suka fara fitar da National Anthem, shi ma kashi shida, da zanen Leonardo Romero. Shi ne labarin da suka tsara tun farko, kafin kundin ya sauya masa alkibla, kuma jaruminsa Mike Milligram ne.