Masu Ci da Harshe a Ƙofar Sarkin Gobir

Gobir ta rasa birnin Alƙalawa a 1808, ta rasa Sarki Yunfa tare da shi. Shekaru 28 bayan haka, a yaƙin Gawakuke, rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi, Rauda. Waɗanda suka tsira suka bi Sarkin Gobir Mayaƙi zuwa bakin Gulbin Maraɗi, suka kafa Tsibiri wajen 1836. Ganuwa da rumbuna da kusheyin kakanni duk an baro su a baya. Abin da ya iso sabon gari lafiya lau shi ne abin da ke bakin maroƙa: wane ya haifi wane, wane ya ci sarauta bayan wane, wace rana aka yi nasara, wace rana aka sha kashi.

Gobirawa sun riga sun ga aikin harshe tun kafin gudun nan. A taron Idi na Magami, wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya miƙa wa malamai kyauta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓa. Abubuwa biyar ya roƙa a maimakon dukiya, na gaba a ciki shi ne a bar shi ya yi wa'azi a ƙasar. Bawa ya amince. Da Nafata ya hau gadon sarauta daga baya ya ga yadda jama'a ke tururuwa zuwa Degel, mazaunin Shehu, sai ya sa aka yi shela a kasuwa cewa ban da Shehu kada wani ya ƙara yin wa'azi, maza su bar rawani, mata su bar lulluɓi. Da bakin mai wa'azi da na mai shela aka fara wannan rigima, tun ba a zare takobi ba a Tabkin Kwatto a 1804.

Saboda haka maroƙi ba ado ba ne a fadar da ke zaman gudun hijira. A fadojin Hausa sana'ar tana da rassa. Akwai makaɗan tambari da masu busa kakaki da algaita, akwai zabiya mai waƙa cikin mata, akwai kuma maroƙin baki irin sanƙira, wanda ba ya riƙe ganga ko kaɗan, jarinsa duka muryarsa ce. Sarki ba ya ɗaga harshe a bainar jama'a. Yakan yi magana ƙasa-ƙasa, na kusa ya ɗauka, mai shela ya kai ta kunnen na bayan taro. Idan baƙo ya faɗi gaisuwa ya ce "Allah ya ja zamanin sarki", fadawa ne ke amsa masa, sarkin na zaune shiru.

Yabo rabin aikin ne kawai. Ɗayan rabin zambo ne da habaici, kuma a gidan sarautar da 'ya'yan sarki ke hanƙoron kujera ɗaya, waɗannan makamai ne na gaske. Gobir ta tsage bayan kafa Tsibiri, wani ɗan gidan sarautar, Ɗan Halima, ya fita ya gina Sabon Birni, kuma iyakar da Faransa da Ingila suka shata a farkon ƙarni na 20 ta bar dangi ɗaya a ƙasashe biyu. Harshen bai san da iyakar ba. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, Amadu, a ɗaya gefen iyakar, ya yi waƙa da Hausar da mutumin Tsibiri ke ji a matsayin tasa, Hausar "hwada" da "tahiya" da "wanga". Shi ne gwanin da ke siffanta abokin gabar ubangidansa ba tare da ya kama suna ba, kowa ya gane, wanda aka nufa kuma ba shi da bakin kai ƙara.

Ruwan 1945 ya cinye tsohuwar Maraɗi da tsohuwar Tsibiri, aka hau tudu aka sake gini, maroƙa suka bi iyayen gidansu. A lokacin kuɗin gyaɗa ya fara yawa, sana'ar ta sami sababbin iyayen gida cikin Alhazan Maraɗi. Masanin nan Bafaranshe Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana nazarin kyauta da biki a wannan kwari, ya nuna yadda bayarwa a gaban jama'a ke ɗaga darajar mutum. To, wa ke sa jama'a su sani? Ko yau, a bikin suna a Jiratawa ko ɗaurin aure a Tsibiri, za a ga maroƙi ya ɗaga takardar kuɗi sama tsakanin yatsu biyu, ya juya ta dama da hagu, ya ce Hajiya wance, ɗiyar wane, jikar wane, ta ba da jaka biyu, Allah shi maida. Wadda ke zaune kusa da ita sai ta kwance bakin zane.

Akwai masu kallon wannan a matsayin maula, kuma malamai sun daɗe suna sukar yabon da ya wuce gona da iri. Sukar tana da tushe, domin akwai maroƙin da zaƙin bakinsa ke bin aljihu kawai. Amma wanda ya haddace jerin sarakunan Gobir da sarautun fada da asalin kowane gida wani mutum ne dabam, kuma irinsa ne ke ƙaranci. Lasifika da rediyo da WhatsApp sun karɓe shela, 'ya'yan gidan roƙo da yawa sun kama kasuwa ko boko. Tun 1968 Yamai take da cibiyar tattara tarihin baka, Maraɗi kuma yanzu tana da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo, tafiyar 'yan mintuna a mota daga ƙofar fadar Tsibiri. Ya kamata ɗalibanta su je da na'urar ɗaukar murya su zauna gaban dattawan nan, su ɗauki kirarin kowane sarki da bayanin abin da ya jawo shi, da Gobiranci yadda yake fitowa daga bakinsu.