Teburin mai shayi

Teburin mai shayi wuri ne da ake sayar da shayi da burodi da soyayyen ƙwai, a bakin hanya ko tasha ko kusa da makaranta, a garuruwan Arewacin Najeriya da Nijar. Akan buɗe shi da asuba, sannan daga magariba har tsakar dare.

A Sakkwato, ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, sukan dogara da shi lokacin jarrabawa, bayan masu tuwo sun tashi. A da shayi mai madara da burodi ne kan gaba. Daga baya taliyar Indomie, wadda ta shigo Najeriya a ƙarshen shekarun 1980, ta sha gabansa. Ana dafa ta da ƙwai da attarugu da albasa, irin wadda ake nomawa a fadamun Rima na Wurno da Goronyo. Tsire da balangu kuwa sai ranar da kuɗi suka zo daga gida.

Mai shayi kan ba ɗalibin da ya sani bashi. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, ƙwai da madara sun yi tsada, har wasu suka koma ruwan bunu, wato shayi ba madara.