Suna da Shaidarsa: Tarihin Furen Iris germanica

A cikin 1753 ne Linnaeus, masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, ya raɗa wa wani fure suna Iris germanica, watau na Jamus. Bai keɓe busasshen samfuri guda wanda zai tsaya shaidar sunan ba, domin wannan ƙa'ida ba ta tabbata ba sai a taron Kambirij na 1930. Daga baya masana suka gano cewa furen nan ruwa-biyu ne, tsakanin Iris pallida da Iris variegata. Duk da haka sunan bai faɗi ba, sai dai aka zaɓa masa samfuri daga kayan da Linnaeus ya duba. A ƙa'ida suna yana bin samfurinsa ne, ko da ma'anar kalmar ta saɓa.