Fileya: yadda ake raba ƴaƴanta a dasa su

Fileya shuka ce ta ƙawata ɗaki. Masana tsirrai suna rubuta sunanta Pilea peperomioides. Ganyenta kore ne, a kewaye kamar kwabo, tsawonta kuwa bai cika wuce santimita 30 ba. Asalinta duwatsun Yunnan ne, a kudu maso yammacin ƙasar Sin, inda take fitowa cikin inuwa da laima. A 1946 wani ɗan mishan mai suna Agnar Espegren ya kai ta ƙasarsu Norwe. Daga nan ta yaɗu a gidajen Turai hannu da hannu, kowa na ba maƙwabcinsa ɗan tsiro.

Idan ka san yadda ayaba ke fidda ƴaƴa a gindinta, to ka san rabin aikin. Ƴaƴan fileya suna ɓullowa daga saiwar uwar. Kada ka yi gaggawa: bari ɗan ya kai kamar tsawon yatsa, da ganye huɗu ko biyar. Sannan ka wanke wuƙa mai kaifi, ka tone ƙasa kaɗan, ka yanke shi santimita 2 a ƙarƙashin ƙasa, tare da ƴan saiwoyinsa. In ba shi da saiwa, tsoma gindinsa cikin kofin ruwa, ganyen a waje, kana sake ruwan bayan kwana biyu ko uku har saiwa ta fito. Ganye guda da aka tsinke ba tare da ɓallin kara ba yakan yi saiwa, amma ba ya zama shuka.

Tukunyar dashe ta zama ƙarama, mai huji a gindi. Cika ta da ƙasa, da rairayi, da ɗan taki wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa.

Ban ruwa shi ne wurin da aka fi kuskure. Tura yatsa cikin ƙasar: in saman ya bushe, zuba ruwa har ya ɗigo ta huji, in da danshi, ƙyale ta. Saiwar da ta daɗe cikin ruwa ruɓewa take yi, ganyen ƙasa su yi rawaya su zube.

Sai dai ka sani, wannan baƙuwa ce daga ƙasar sanyi. Zafin Afrilu da Mayu a Maraɗi ko Tawa, da ke wuce digiri 40, ya fi ƙarfinta, balle a ɗaki mai rufin kwano. Ajiye ta a ɗakin ƙasa, kusa da randa, inda haske ke shiga amma rana ba ta dukanta. Don haka ne ya fi kyau ka raba ƴaƴan da damina ko farkon sanyi, su kama ƙasa kafin bazara. Da hunturu, goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma. Kowane mako ka juya tukunyar kaɗan, domin shukar tana karkata wajen haske.