Yadda Wasan Ƙwace Tuta Ya Shiga Ajin Jami'a

Yau tarihin wata matsala za mu taɓa, wadda malaman kwamfuta suka daɗe suna kokawa da ita. Ta yaya za ka koya wa ɗalibi tsaron gida ba ka nuna masa yadda ɓarawo ke haura katanga ba? In kuma ka nuna masa, katangar wa zai haura ya gwada?

A watan Nuwamba na 1988, wani ɗalibin Jami'ar Cornell ta Amurka, Robert Morris, ya saki wata 'yar manhaja mai kwafar kanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Abin ya fi ƙarfinsa. An ƙiyasta ta kama kwamfutoci kusan 6,000, a zamanin da intanet ɗin gaba ɗaya bai taka kara ya karya ba. A 1990 kotu ta same shi da laifi. Yaron fa ba daƙiƙi ba ne, don daga baya ya zama farfesa a MIT. Yana da basira, yana da son gwaji, amma a gonar mutane ya yi gwajin.

Mafitar ba daga jami'a ta fara fitowa ba, daga wajen masu kutsen ta fito. A 1993 Jeff Moss ya soma taron DEF CON a Las Vegas, inda gwanayen kutse ke haɗuwa duk shekara. A 1996 aka shigo da wata gasa mai suna Capture the Flag, wato ƙwace tuta, a taƙaice CTF. Asalin sunan wasan yara ne: ɓangare biyu, kowa na gadin tutarsa yana neman sato ta abokin hamayya. A kwamfuta, tutar wani ɗan guntun rubutu ne da aka ɓoye a cikin na'ura. Ka gano ɓarakar da aka bari, ka shiga, ka ɗauko rubutun, ka miƙa wa alƙalai, a ba ka maki. Kwamfutocin kuwa na masu gasar ne, an kafa su ne musamman don a fasa. Babu wanda aka cuta, babu ɗan sandan da zai ƙwanƙwasa maka ƙofa.

To, malamai suka ga ai abin da suke nema ke nan. A farkon shekarun 2000, Giovanni Vigna, malami a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, ya fara raba ɗaliban ajinsa rukuni rukuni suna kai wa juna hari. Kowane rukuni a ba shi kwamfuta iri ɗaya, mai ɓaraka iri ɗaya. A nan daɗin yake: duk ramin da ka gano a taka kwamfutar, ka san yana cikin ta abokan karawarka. Sai ka yi maza ka toshe naka, sannan ka bi ta nasu. Kuma ba a yarda ka kashe na'urarka don tsoron hari ba, dole ta ci gaba da aiki, kamar yadda banki ba zai rufe manhajarsa don ana neman yi masa kutse ba. Aikin ajin nan ya girma ya zama gasar iCTF ta jami'o'in ƙasashe da dama.

Sauran suka biyo baya da sauri. A 2001 hukumar leƙen asiri ta NSA ta fara atisayen da ɗaliban makarantun sojan Amurka ke kare kwamfutocinsu daga harin ƙwararrunta. A 2003 aka fara CSAW a New York. A 2013 Jami'ar Carnegie Mellon ta fito da picoCTF don 'yan sakandare, da salo mai sauƙi: tambayoyi a jere, kowace da makinta, ka fara da mai sauƙi kana hawa. Jami'ar Jihar Arizona kuma ta kafa pwn.college, inda ake ba ɗalibi ɗamara mai launi kamar ta 'yan karate in ya kammala mataki.

Har na'ura ta taɓa shiga fili. A 2016 wata manhaja mai suna Mayhem ta ci kyautar dala miliyan 2 a gasar kutse ta na'urori zalla. Da aka haɗa ta da mutane a DEF CON, ita ta zo ta ƙarshe.

Ni dai a ganina wasan ya fi lacca nesa ba kusa ba, domin wanda ya kwana yana neman tuta ɗaya ba ya manta yadda ya same ta. Amma kada a yaudari kai. A wasa ka san tabbas akwai ɓaraka, wani ne ya ajiye maka ita. A wurin aiki kana iya wata guda kana duba bayanai ba ka ga komai ba, sannan a ce ka rubuta rahoton da manaja zai gane. Wannan ɓangaren ba a ba shi maki a yawancin gasa.

Kuma matsalar Morris tana nan a gabanmu. A Najeriya dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba da niyyar zamba. Ɗalibin da ya gwada ƙwarewarsa a shafin makarantarsu laifi ya yi, wanda kuwa ya gwada a filin CTF karatu ya yi. Tsofaffin tambayoyin picoCTF suna nan a shafinsu kyauta duk shekara, kuma reshen Carnegie Mellon da ke Kigali a Ruwanda yana shirya ɓangaren gasar na ɗaliban Afirka. Data da kwamfuta kawai ake buƙata.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.